Darasin Wutsiyar Ƙadangare a Linzamin Laimar Iska

Duk wanda ya kalli gasar Olamfik ta shekarar 2024, ya ga 'yan wasa a gaɓar Marsai ta ƙasar Faransa suna sulu bisa teku, wata babbar laima tana jan su daga sama. Idon ɗan kallo kan tsaya ne ga laimar, alhali kuwa ran ɗan wasan yana rataye da wata 'yar sanda da ke hannunsa, wadda tsawonta bai fi kimanin rabin mita ba. Ita ce linzamin laimar.

Galibi igiyoyi huɗu ne ke haɗa ɗan wasa da laima, kowace kimanin mita 20 zuwa 24. Biyu na baya an ɗaure su a bakunan sandar, da su ake juya laimar dama ko hagu. Biyu na gaba kuwa, waɗanda ke ɗauke da mafi yawan nauyi, sukan haɗu su ratsa wata huda a tsakiyar sandar, su ƙare da zoben da ake maƙalawa a ƙugiyar ɗamarar ɗan wasa. Idan ya jawo sandar kusa da jikinsa, igiyoyin baya su ɗame, laimar ta ƙara tarar iska, ƙarfinta ya daɗu. Idan ya tura ta gaba, sai iskar ta zurare, ƙarfin ya ragu. Haka shirwa ke karkata fukafukanta a sararin sama.

To, amma iska ba ta da alkawari. In gudunta ya ninka sau biyu, ƙarfin da take jan laima da shi kan ninka sau huɗu. A irin wannan hali tura sanda ba ya wadatarwa. Shi ya sa aka sanya wata makunci a saman zoben, wadda da an tura ta sai zoben ya buɗe, laimar ta rage rataye da igiya guda, ta faɗo ba ƙarfi. Wannan ita ce dabarar ƙadangare: da maƙiyi ya kama wutsiyarsa, sai ta tsinke a wani gurbi da aka halitta domin haka, shi kuwa ya tsira.

Saboda haka, makuncin nan ya fi kowane sashe na linzamin daraja. Tun da 'yan'uwan nan Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, suka nemi rajistar laimarsu mai hurawa a 1984, an daɗe kowane kamfani yana ƙera irin tasa, wata a ja, wata a tura, wata a murɗa. Sai a 2020 aka fitar da ƙa'idar duniya mai lamba ISO 21853 kan wannan sashe.

Wasu na ganin ƙa'ida guda kan daƙile ƙirƙira. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin mutumin da ya firgita ba ya tunani, abin da hannunsa ya saba shi yake yi. Wanda ya ari linzamin da bai sani ba, ba shi da lokacin nazari yayin da iska ke jan sa zuwa duwatsu.

Wajibi ne, ke nan, malaman wannan wasa su koyar da saki kafin su koyar da riƙo, a kuma riƙa wanke makuncin da ruwan daɗi, a gwada ta kafin shiga teku, don yashi da gishiri kan toshe ta. Laimar da ta ɓace ana iya sayen wata. Ƙadangare ma yakan tsiro da sabuwar wutsiya.