Iska Da Hucin Wutar Daji

Jama'a, wanda duk ya bi hanyar Kaduna da dare a tsakiyar hunturu, in ya kawo wajen Suleja, da wuya ya rasa ganin wuta ta yi jan layi a kan tuddai, daga Gauraka har gindin Dutsen Zuma. Mafarauta ke sa ta don su kori gafiya da burgu, makiyaya don sabon toho, manoma kuwa don sauƙin sharar gona. Kowa da hujjarsa. Abin da ya dame ni shi ne, da yawa cikinsu sun san wuta, amma ba su lura da iska ba.

Ga yadda abin yake. In iska ta kwanta, harshen wuta tsaye yake, yawancin zafinsa sama yake tafiya tare da hayaƙi. Abin da ke isa ciyawar gaba shi ne huci, watau zafin nan da ke tafiya miƙe kamar haske, wanda ke dukan fuskar mai jin ɗumi alhali wuta ba ta taɓa shi ba. To, da iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, sai ta kwantar da harshen, ya yi wa ciyawar gaba rumfa. Ya matso kusa, ya kuma ƙara tsawo, domin iska tana zuga shi kamar yadda zugazugin maƙeri ke yi wa gawayi. Nan da nan huci ya ƙone ɗan sauran danshin da ke jikin ciyawa, wuta ta iske ta a shirye.

Hawan tudu ma haka yake yi, gama ciyawar da ke sama ita ke matsowa kusa da harshen. Masana na ƙasar Ostareliya sun auna cewa in gangare ya ƙaru da digiri 10, gudun wutar da ke hawa yakan ninka. Mutanen Suleja, da tuddai suka kewaye garinsu, su ya kamata su fi kowa riƙe wannan lissafi.

Amma akwai wani abin mamaki. A shekarar 2015, Mark Finney da abokan aikinsa na ɗakin binciken wuta da ke Missoula, a Amurka, sun nuna cewa huci shi kaɗai ba ya cika kunna siririyar ciyawa, don iskar da ke ratsa ta tana sanyaya ta. Sai harshen wuta da iska mai zafi sun lashe ta tukuna ta kama. Jikin mutum fa ba tsinke ba ne, ba ya yar da zafi da sauri haka. Huci yakan galabaitar da mutum, har ya kashe shi, tun wuta ba ta iso ba. Ran 7 ga Fabrairu, 2009, wutar daji da iska mai ƙarfi ta kora ta hallaka mutum 173 a jihar Biktoriya ta Ostareliya.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin nesa ne. Gambar nan tamu da muke zana da ita, an kai ta arewacin Ostareliya a shekarun 1930 don kiwon shanu. Yau ta zame musu alaƙaƙai, har sun auna cewa wutarta takan fi ta ciyawarsu ƙarfi wajen sau takwas. Ita ce mu kuma muke cinna wa ashana da rana tsaka.

Saboda haka, wanda ya zama dole ya ƙona fili, ya yi tun farkon kaka ciyawa na da sauran ɗanye, da sassafe ko da almuru sa'ad da iska ta lafa. Ya share fili mai faɗi kewaye da rumbu da tarin doya, ya fi faɗaɗa wajen da iska ke fitowa. Masu kashe wuta da ɗanyen ganye su bi ta gefe ko ta baya, kada su tare ta gaba ko su tsaya samanta a kan tudu. Su sa rigar auduga mai dogon hannu, ban da ta roba, wadda ke narkewa a jiki. In kuwa wuta ta rutsa mutum, ya nemi inda ta riga ta cinye, ko ya laɓe bayan dutse ko katangar ƙasa, domin huci ba ya shan kwana.