Tsofaffin Na'urorin Kiɗa: Waɗanne Ne Za Su Yi Daraja a Kasuwar Kwance?

A shekarar 1981 kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fitar da wata ƙaramar na'urar haɗa sauti mai suna TB-303 a kan dala 395. Makaɗa suka ƙi ta, aka dakatar da ƙera ta a 1984 bayan an yi kimanin guda 10,000, ta koma shagunan kayan kwance ana sayar da ita da araha. Sai a 1987 wasu matasa na birnin Chicago, ƙungiyar Phuture, suka fitar da faifan da ya mai da sautinta tushen wani sabon salon kiɗan rawa. A yau ana cinikinta da dubban daloli. Wannan labari ne ke sa wasu 'yan kasuwa kallon tsofaffin kayan kiɗa tamkar hannun jari, kuma shi ne ke yaudarar da yawa daga cikinsu.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya duba shi ne yawan da aka ƙera. Yamaha DX7 ta 1983 ta yi sunan da ba a taɓa yi ba a zamaninta, amma an sayar da fiye da 200,000, don haka har yanzu ba ta kai ko kusa da dala 1,995 da aka fara sayar da ita ba. Haka lamarin yake ga Korg M1 ta 1988. Ita kuwa TR-808, na'urar buga ganguna da Roland ya ƙera daga 1980 zuwa 1983, kimanin 12,000 kaɗai aka yi, kuma an daina ta ne, a wani ɓangare, saboda ƙarewar wani nau'in taransisto da ke ba ta sautinta. Ƙarancin kaya shi kaɗai bai isa ba. Sai ya haɗu da buƙatar da ba ta gushewa, irin wadda kiɗan hip-hop ya samar wa TR-808.

Sai dai kuma manyan na'urori irin su Jupiter-8 da Yamaha CS-80 sun riga sun yi tsada. Wanda ya saye su yanzu ya zo ne bayan an raba ribar. Alamu sun fi nuni ga kayan shekarun 1990, musamman na'urorin naɗar sauti irin su Akai MPC3000 ta 1994, wadda marigayi J Dilla ya yi aiki da ita. Dalili kuwa na tattalin arziki ne: matasan da suka taso da wannan kiɗa su ne magidanta masu abin hannu a yau, kuma mutum yakan biya da tsada don mallakar abin da ya gagare shi a ƙuruciya.

Barazana mafi girma ita ce sake ƙerawa. Moog ya dawo da Minimoog a 2016, Sequential ya dawo da Prophet-5 a 2020, kamfanin Behringer kuma ya fitar da kwaikwayon TB-303 a 2019 a farashin da bai kai dala 200 ba. Wannan bai karya darajar na asali ba, amma ya janye makaɗa masu neman sauti kawai, ya bar kasuwar a hannun masu tara kayan tarihi, waɗanda ba su da yawa kuma suna da tsantseni. Akwai kuma tashin farashi na ɗan lokaci: a 2023 wani bidiyo guda a YouTube ya ninka kuɗin ƙaramar na'urar jita ta DigiTech Bad Monkey cikin 'yan kwanaki. Irin wannan guguwa ba abin dogaro ba ce.

Ga ɗan kasuwar Nijeriya akwai ƙarin lissafi. Fiyanon Yamaha PSR, wanda aka gina kiɗan finafinan Hausa a kansa kuma ake samu a kasuwar Alaba ta Legas, kayan aiki ne da ake ƙerawa da yawa, sabo na korar tsoho. Ba a sa ran zai yi daraja. Idan kuɗinsa ya ƙaru a naira, to faɗuwar naira ce, wadda ta tashi daga kimanin 460 kan kowace dala a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ribar gaskiya da dala ake auna ta, bayan an cire kuɗin jigila, harajin kwastan da na gyara. Gyaran ma ba ƙaramin abu ba ne: Juno-106 ta 1984 ta shahara da mutuwar sassan muryarta, ƙurar hunturu na cinye maɓallai, kuma na'urar da aka yi don wutar Japan mai ƙarfin bolt 100 za ta ƙone idan aka jona ta kai tsaye a wutar ƙasar nan.