Bindiga ba ta noma gero

Makon jiya na ba ƴan ajina aikin rubutu a nan Cadawa. Tambayar ita ce: in masifa ta faɗa wa gari, kasuwa ta watse, hanyar Maraɗi ta yanke, me za ka fara yi? Na zaci zan karanta maganar rijiya da rumbu. Yaro na farko ya rubuta cewa zai shiga gidajen da aka gudu aka bari ya nemi bindiga. Na biyu ya ce zai hau tudu ya ɓuya, duk wanda ya gifta ya harbe shi ya kwashe kayansa. Waɗannan yara ba su taɓa riƙe ko gwafa da nufin cutar da wani ba. A salula suka koyo.

Iyaye da yawa ba su san abin da ke cikin wasan ba, to ga shi. Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, yana jefa mutum 50 a tsibiri. Kowa ya sauka hannu rabbana, ya bi kangaye yana tsintar makami, fili yana ta ƙuntata, har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. PUBG Mobile na 2018 haka yake, sai dai shi mutum 100 ne. Cikin minti kaɗan an gama, a sake sabo. Darasin ɗaya ne kullum: wanda ya rage shi ne gwani, kuma duk wanda ka hango abokin gaba ne.

Ina da faɗa da mutum biyu. Na farko shi ne mai cewa ai wasa ne kawai. Mu malamai mun san ƙarfin maimaici, da shi muke cusa wa yaro lissafi. Abin da yaro ya yi sau ɗari da yatsunsa ya fi zama a kansa bisa abin da mushe ya faɗa sau ɗaya a gaban allo. Ban ce wasa zai mai da yaro ɗan bindiga ba. Abin da na gani a takardun nan ya ishe ni: an rage masa tunani, an bar masa amsa guda ga kowace matsala. Kuma wannan a jihar da tun 2019 dubban mutane daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suka tsallako zuwa yankin Gidan Rumji, suna gudun masu bindiga na gaske. A wasu azuzuwan, yaron da ke harbi a salula yana zaune kusa da yaron da aka kore wa shanun ubansa da dare.

Na biyu shi ne uban da ke fasa salula ya ce ya yi maganin abin. Bai yi ba. Yaron zai tafi wurin mai cajin waya ya leƙa ta abokinsa. Indiya ta hana PUBG Mobile a 2020, ba a daɗe ba wasan ya komo da sabon suna. Hani ba ya maye gurbin tarbiyya.

Laifin da nake ɗora wa masu ƙera wasannin shi ne sun zuba basirarsu wajen gyara bindiga, sun yi watsi da mutum. Ba dole ne ya zama haka ba. Fallout na farko, na 1997, labarin duniya ne bayan yaƙin nukiliya, kuma aikin da aka fara ba ɗan wasa shi ne ya nemo abin gyaran injin ruwan jama'arsa. Ana iya warware rigingimu da yawa a cikinsa da magana. Da Fallout 4 ya fito a 2015, harbi ya yi kyau, amma an taƙaita zance zuwa zaɓi huɗu, kuma masu wasan da kansu suka koka. A Folan an yi This War of Mine a 2014, inda kake riƙe da farar hula a garin da aka yi wa ƙawanya. In ka saci abincin tsofaffi, mutanenka suna shiga baƙin ciki. A 2020 gwamnatin ƙasar ta sanar da saka shi cikin abin da ake ba manyan ɗalibai shawarar nazari. Ga gyaran da ake bukata ke nan: harsashi ya yi tsada, wanda aka harba ya zama yana da suna da dangi, sulhu kuma ya kawo riba.

Mu ba baƙin rushewa ba ne. Iyayenmu sun ga yunwar 1984, mu mun ga ta 2005. Abin da ya ta da ƙauyukan Agye kamar Ɗan Saga shi ne sassaben zamani, manomi ya bar tohon gawo da kalgo a gonarsa har itace ya dawo, sai gayya da rancen hatsi tsakanin maƙwabta. Babu wanda ya tsira shi kaɗai a kan tudu.

Don haka, iyaye, ku zauna kusa da yaron ku kalli wasa ɗaya har ƙarshe, sannan ku tambaye shi wa ya kashe, kuma don me. Ku sa wa salula lokaci, ta kwana a hannunku. Ƴan uwana malamai, mu karɓi abin da ke jan yaran, wato zaɓi da gasa, mu kawo shi aji. Ranar Laraba na raba ajina gida huɗu, kowane gida da rijiya ɗaya da tiya goma ta gero, na ce su kai damina. Yaron da ya ce zai hau tudu shi ne ya fara zuwa neman rance wurin maƙwabta.