Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

Kowa ya san Kasuwar Daji ta ƙasar Ƙauran Namoda ya san ciniki a can ba ya tsayawa ga ranar kasuwa kaɗai. Falke daga Shinkafi ko Zurmi, kafin ya ɗaura kaya, ya riga ya ji farashin hatsi da na bisashe ta WhatsApp, ya aika da hoton sa, an yi tayi, an sallama. To, tun da dukiyar mutane da asirinsu sun koma cikin waya, wajibi ne mu duba ƙarfin ƙofar da a ke rufe su da ita.

Yawancin wayoyin da ke hannun jama'armu, irin su Tecno da Itel, da manhajar Android su ke aiki. Ita kuwa buɗaɗɗiya ce, watau ba a ɓoye rubutun ƙirarta ba, duk masani na iya dubawa. An gina ta bisa Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991. Amfanin wannan tsari shi ne idanu da yawa na dubawa, in akwai ɓaraka a gani da wuri a yi faci. Amma ɓarawo ma da nasa idon. Ran da aka yi shelar faci, ran nan kowa ya san inda ramin ya ke, wanda bai karɓi gyara ba kuwa ya fi jiya zama cikin haɗari.

Ga misalai. A watan Yuli 1915 babu mai tunanin wannan, amma cikin Yuli 2015 wani masani a Amurka, Joshua Drake, ya bayyana ɓarakar da aka sa wa suna Stagefright. Da saƙon hoto mai motsi guda ɗaya a ke iya shiga wayar mutum, aka kuma ƙiyasta wayoyi kamar miliyan 950 abin ya shafa. Daga wannan shekara Google ta soma fitar da faci kowane wata. Cikin Mayu 2019 kuma aka gane wata kafa a kiran murya na WhatsApp, wadda aka bi aka dasa manhajar leƙen asiri mai suna Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila, a wayoyin mutane wajen 1,400, ko da ba su amsa kiran ba. WhatsApp ta toshe kafar cikin 'yan kwanaki, ta roƙi kowa ya sabunta, sa'an nan ta kai ƙara kotu a Oktoba. A Satumba 2023 aka sāke samun aibi a wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna libwebp, wadda ke buɗe hotuna, har ya zama tilas Android da Signal da wasu da yawa su fitar da gyara.

Abin lura a nan shi ne, duk sau ukun nan an yi facin. Matsalarmu ita ce isowarsa Kasuwar Daji. Da fari, gyaran Android ba ya zuwa kai tsaye. Google ta gyara, ta miƙa wa masu ƙera waya, su kuma su aiko wa mai waya, in wayar ta tsufa sai a daina aiko mata. Ita ma WhatsApp tun Oktoba 2023 ta bar aiki da wayoyin da ba su kai Android 5 ba. Na biyu, kuɗin data. Talaka ya kan kashe sabuntawa don kada a cinye masa kati. Na uku, wanda ya fi muni, al'adar zuwa rumfar mai caji a tura wa mutum manhaja ta Xender, musamman jabun nan da a ke kira GB WhatsApp. Ba kamfanin ne ya yi ta ba, ya ma hana aiki da ita, babu kuma mai alhakin yi mata faci. Wanda ya sa ta ya ba baƙo mabuɗin rumbunsa.

Ba mu manta da 2021 ba, sa'ad da aka rufe kasuwannin mako, aka kuma yanke layukan waya a Jihar Zamfara tun daga 3 ga Satumba saboda yaƙi da 'yan bindiga. Makonni da yawa babu wayar da ta sami gyara a ƙauyukan nan. A ƙasar da sanin ranar tafiyar mutum da yawan kuɗin da ya riƙe ke iya jawo masa asarar dukiya ko ta rai, tsare saƙo ba wasa ba ne.

Saboda haka muna kira ga hukumar NITDA da ta NCC, waɗanda su kan yi gargaɗi game da irin waɗannan ɓaraka, su riƙa fitar da shi da Hausa ta gidajen rediyo, gama mutumin Zurmi ba ya karanta sanarwar Turanci. Ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda na iya zama ranar kasuwa su koya wa masu caji yadda a ke sabunta waya. Sarakunan kasuwa da shugabannin masu gyaran waya su hana tura jabun manhaja a rumfunansu.

Ku kuwa jama'a, ku ɗauko manhaja daga Play Store kaɗai. In waya ta ce a sabunta ta, kada a ce sai gobe. Lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa kada a faɗa wa kowa, ko da ya ce shi ma'aikaci ne. Kuɗin data na faci bai kai kuɗin akuya ba, balle na sa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya tsare mu da dukiyarmu, amin.