Wasiƙa ga masu zoɓon Keffi: a bar garin tsami, a koma ga lemo

Zuwa ga iyayena mata, yayyena da ƙannena masu sana'ar zoɓo a garin Keffi, na cikin kasuwa da na bakin tasha, da masu kai kula ƙofar jami'a da bakin asibiti.

Ni mai saye ne, kuma a kan tsami nake son mu yi magana. Zoɓo da tsaminsa Allah Ya halicce shi. Amma tun da ya yi tsada, saboda 'yan kasuwa na kwasarsa daga Jigawa da Kano ana fitar da shi zuwa Meziko, sai wasunku suka koma yi masa ruwa da yawa. Idan ya salance a zuba kala don ja, a zuba filebo don ƙamshi, a kawo ɗantsami a barbaɗa. Abin da ake miƙo wa mutum a ƙarshe jan ruwa ne mai kama maƙogwaro.

Kun san abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021. Ɗaruruwan mutane aka kwantar a asibiti bayan sun sha kayan sanyi da aka haɗa da garin lemo, wasu suna fitsarin jini, wasu ƙodarsu ta taɓu, wasu kuma suka riga mu gidan gaskiya. Binciken hukumar NAFDAC ya gano garin da wa'adinsa ya wuce, da wani sinadari mai guba da aka sayar wa mutane da sunan ɗantsami. Masu haɗawar ba da mugun nufi suka yi ba, sana'a suka fito nema kamar ku. Farin gari ne a ƙulle cikin leda, babu suna babu kwanan wata, ido kuma ba ya rarrabe shi da na gaske. Ɗantsami na ƙwarai ba guba ba ne, kamfanonin lemo ma da shi suke aiki. Sai dai Hajiya, ke da kika saya a ƙulli, wa ya tabbatar miki abin da ke ciki?

Mu a Keffi ma ba mu da uzuri. Hanyar Makurdi da ta biyo ta Lafiya da Akwanga a ƙofarmu ta faɗo, kuma idan hunturu ya kama, lemun zaƙin Binuwai har tsibi ake yi da shi a bakin titi. Lemun tsami kuwa ba ya yankewa a kasuwa. Wanda bai taɓa gwadawa ba ya ɗebi zoɓo a kofin gilashi ya matsa rabin lemun tsami ya tsaya ya kalla: nan take duhun zai washe, ya koma ja jawur. Kanwa kuma akasin haka take yi, tana kashe tsamin ta mayar da ruwan baƙi-baƙi. Wato jan da ake sayen kala dominsa, lemo na bayar da shi kyauta.

Inda aka fi kuskure shi ne lokacin zubawa. Kada a dafa ruwan lemo tare da zoɓo. Wuta na cinye sinadarin bitamin C da ke cikinsa, ta kore ƙamshin, ta bar wani ɗanɗano na dafaffe da ba ya daɗi. A wanke zoɓon a rairaye yashinsa, a dafa shi da citta da kanumfari da ɗan masoro, a tace, a zuba sukari tun yana da ɗumi don ya narke, sannan a rufe a bar shi ya huce sarai. Sai ya yi sanyi ake matsa lemo, a tace 'ya'yan, a zuba kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa, domin wani zoɓon ya fi wani tsami. Kuma a matsa na ranar a ranar. Ruwan lemo idan ya jima a ajiye ɗaci yake yi, ko da bai lalace ba. Akwai wani sinadari a cikinsa, limonin, da ke fitowa bayan an matsa da wasu awanni. Wadda ta matsa da daddare don ta rage aikin safe, ita ce za ta yi ta ƙara sukari tana mamakin inda ɗacin ya fito.

Sai ɓawo, wanda a ganina shi ne dukiyar da kuke zubarwa a bola. Ku lura da mai sayar da lemo idan yana feraye shi da wuƙa, yadda wani feshi ke tashi ya cika wurin da ƙamshi, har ya yi yaji a ido. Wannan man yana cikin fatar waje ne, koriya ko ruwan ɗorawa. Farin da ke ƙarƙashinta ɗaci ne zalla. A wanke lemon sosai da ruwa mai tsafta, a feraye fatar siririya ba tare da an haɗo farin ba, a jefa cikin zoɓon da zarar an sauke shi daga wuta, a rufe kamar minti 10 zuwa 15, a tsame. Idan aka bar shi ya kwana a ciki zai ɓata aikin. Ɓawon lemun zaƙi ya fi laushin ƙamshi, na lemun tsami ya fi kaifi, kuma kaɗan yake so. Tun bayan cutar da ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, farashinta ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa, to ga abin da zai ɗan rage muku dogaro da ita ba tare da an nemi kwalbar filebo ba.

Dabarar ɓawo tsohuwa ce a duniya. A kudancin Sifen, wajen Huelva, busasshen ɓawon lemo suke jiƙawa a cikin giyar inabi. Ba abin shanmu ba ne, na kawo shi ne don bambanci guda: nasu yana daɗewa a kwalba saboda barasar da ke ciki ita ke hana shi lalacewa. Naku ruwa ne da sukari da 'ya'yan itace, ba abin da ke tsaronsa sai tsafta da sanyi.

Shi ya sa zoɓon da ya kwana a zafin Maris da Afrilu, ga wuta ba tabbas, yake juyawa. Ƙwayoyin yis da ke yawo a iska da jikin 'ya'yan itacen suna cin sukarin, su fitar da iska da barasa. Alamar a bayyane take: gora ta kumbura ta yi tauri, an buɗe ta yi tsit, kumfa ta taso, ga wani wari mai hawa hanci. Wannan ba na sayarwa ba ne, ko da an sake tafasa shi an ƙara sukari, balle a watan azumi da mutum zai buɗe baki da shi. Lemo na ɗan jinkirta lalacewa, amma ba ya hana ta. Gara a dafa daidai abin da zai ƙare a yini.

Abin da ya rage kun fi ni sani, tuni kawai nake yi. Kada zoɓo ya kwana a tukunyar alminiyam, tsami na cin ta. A juye a bokitin roba mai murfi. Gorar da aka tsinto a wanke ta da sabulu da ruwan zafi har murfin, wadda ta taɓa ɗaukar magani ko fetur kuwa a yar. A daina hura leda da baki kafin a ɗura. Ƙanƙara kuma a jera ta a gefen gorori cikin kula, kada a jefa ta cikin zoɓon, tunda ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba.

Na san amsar da za ku ba ni: lemo kuɗi ne, ƙullin gari kuwa na bokiti guda bai taka kara ya karya ba, ga ɗalibi yana neman na arha. Gaskiya ne. Amma arha ba ta ado, kuma mai saye ba wawa ba ne. Ku ware gora goma na lemo zalla, ku ɗora ɗan abin da kuka kashe a kai, ku faɗa wa mai saye da bakinku cewa wannan babu gari babu kala. Ma'aikatan da ke kwana a Keffi suna sammakon Abuja suna sayen lemon kwalba da ya ninka naku tsada.

Wadda kuma ta ga dole sai ta yi amfani da ɗantsami, don Allah ta sayi na cikin fakiti mai sunan kamfani da lambar NAFDAC, ta duba ranar ƙarewar wa'adinsa, ko ta ba yaro ya karanta mata kafin ta biya. Na ƙulli kuwa, ku bar wa mai shi kayansa.

Naku, mai sayen zoɓonku.