A Bar Yaro Ya Ƙwanƙwasa Tukunya

Duk wanda ya taɓa sayen tukunya a Gaoui ya san ba a ɗauka a biya haka kawai. Uwargida takan ƙwanƙwasa ta da yatsa ta saurari ƙara, ta duba baki, ta juya gindi, sannan ta ce wannan ta gasu, waccan kuwa akwai tsaga a cikinta. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san abin da take nema, ta gwada, ta yanke hukunci.

Kwanan baya wani malamin Faransanci ya kawo mini rubutun ɗalibansa na ajin ƙarshe na lise, in zaɓi wanda zan karanta a shirina. Ya kai su tsohuwar fadar sarkin Kotoko da ke Gaoui, wadda aka mayar gidan tarihi, kimanin kilomita 10 daga N'Djamena, ya ce kowa ya rubuta yadda ya auna wurin. Na karanta duka, ban samu ko ɗaya ba. Yabo ne zalla: mutanen Sao gwanaye ne, tarihi abin alfahari ne. Ba wanda ya tambayi ko bayanin da aka yi musu ya isa baƙo ya fahimta, ko ginin laka yana samun gyara kafin damina.

Ban ga laifin yaran ba. Mun horar da su don bakaloriya kawai: kawo ra'ayi, kawo kishiyarsa, sulhunta su, ka yayyafa sunan wani marubucin Faransa da ka haddace. Yaro ya gane cewa tsayawa a tsakiya ita ke kawo maki. A gida kuma an ce masa kushe aikin manya rashin kunya ne. To ina zai koyi cewa "wannan bai yi ba, ga dalilina"?

Malamai za su ce aji ya cika, lokaci ya ƙure. Gaskiya ne, na zauna a irin ajin. Amma tambaya ɗaya ba ta cin alli: da wane ma'auni ka auna? A sa yaro ya rubuta ma'auninsa tun kafin ya ga abin, kuma a rage wa mai yabo babu hujja maki daidai da mai zagi babu hujja.

Ni ke karɓar wayar waɗannan yara bayan sun girma. Idan na buɗe layi kan aikin wata hukuma, rabi kirari, rabi ashar. Na mayar wa malamin takardunsa, na roƙe shi ya sake kai su Gaoui, amma wannan karon su fara tsayawa wurin masu tukwane.