Wace manhaja ta fi dacewa da karatun komik a kwamfuta?

A wannan makon za mu duba littattafan labarai masu zane, wato komik. Yanzu a Haɗeja, musamman tsakanin ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman, da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ana yawan tura wa juna irin waɗannan littattafai ta filasha. Matsalar ita ce, sai ka karɓi fayil ka danna, kwamfuta ta ce ba ta san shi ba.

Yawancin komik suna zuwa ne a matsayin PDF ko CBZ ko CBR. CBZ ba komai ba ne illa hotunan shafuka da aka ɗaure a jakar ZIP, CBR kuma a jakar RAR. Idan ka sauya ƙarshen sunan fayil daga cbz zuwa zip, za ka ga hotunan ɗaya bayan ɗaya. Amma karatu a haka akwai wahala, shi ya sa ake buƙatar manhaja.

Ga mai tsohuwar kwamfuta, wadda batirinta ba ya jimawa in an ɗauke wuta, shawarata ita ce SumatraPDF. Kyauta ce, nauyinta bai kai megabait 20 ba, tana buɗe PDF da EPUB da CBZ da CBR. Akwai ma samfurin da ake ɗorawa a filasha a yi amfani da shi ba tare da an girka ba. Sai dai a Windows kawai take aiki.

Wanda ya tara littattafai da yawa kuwa, YACReader ta fi masa. Tana jera su da bangonsu kamar a kanta, tana kuma tuna shafin da ka tsaya. Tana aiki a Windows da Mac da Linux, amma ta fi cin ƙarfin kwamfuta.

Masu son manga na Japan su lura: daga dama zuwa hagu ake karanta shi, kamar ajami. Ku tabbata manhajar tana da wannan tsari, in ba haka ba sai ku ga ƙarshen faɗa kafin farkonsa. SumatraPDF tana da shi.

Gargaɗi mafi muhimmanci: ku sauke manhaja daga shafinta na asali kawai. Komik ba ya ƙarewa da exe. Duk wanda ya turo maka "littafi" mai wannan ƙarshen, kada ka buɗe, domin yana iya zama bairos da zai cinye maka furojet ɗin da ka shafe watanni kana rubutawa. Garin neman gira a rasa ido.

Kuma ba sai an yi satar fasaha ba. Kamfanin Comic Republic na Legas, wanda Jide Martin ya kafa a 2013, yana ba da littattafansa a karanta kyauta a intanet. Akwai kuma Malika na Roye Okupe, labarin da ya samo asali daga Sarauniya Amina ta Zazzau, wanda ya cancanci a saya.

A ƙarshe, mu mutanen bakin kogi mun ga yadda ambaliyar 2022 ta lalata kaya da takardu. Ruwa ba ya barin kwamfuta ma. Ku ajiye kwafi na biyu a filasha, ku sa a leda, ku ɗora a sama kafin damina ta kankama.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.